Suna Mai Harshen Damo a Ƙagaggun Labarai da Wasannin Kwaikwayo na Hausa

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana kan ce suna linzami ne. Abin da suke nufi shi ne, da suna ake juyo da hankalin mutum, kamar yadda mahayi yake juya dokinsa. To, amma linzami yana da wani aiki na biyu, wato nuna wa doki hanyar da zai bi. Marubucin da ya san abin da yake yi yakan ci moriyar waɗannan ayyuka biyu. Yakan raɗa wa tauraronsa suna domin a riƙa kiransa da shi, sa'an nan ya ɓoye wata ma'ana a cikin sunan wadda za ta ja hankalin mai karatu zuwa ga jigon labarin. Irin wannan suna shi muka kira mai harshen damo, domin baki ɗaya ne amma harshe biyu.

A wannan maƙala za mu dubi yadda wasu marubutan Hausa suka sarrafa irin waɗannan sunaye, tun daga littattafan da suka biyo bayan gasar 1933 har zuwa na shekarun 1990. Za mu nuna cewa dabarar tana da tushe a al'adar raɗin suna ta Hausawa, mu auna inda ta yi armashi da inda ta gaza, sa'an nan mu ja kunnen masu nazari da sababbin marubuta, musamman waɗanda suke aiko da labaransu ga mujallu irin wannan.

2.0 Tushen Al'amarin a Al'ada

Tun kafin zuwan boko, Bahaushe ya saba da sunan da bayansa daban, cikinsa daban. Mafi bayyana a nan su ne sunayen da ake sa wa 'ya'yan mace mai wabi, wato wadda 'ya'yanta suke mutuwa tun suna ƙanana. Idan ta sake haihuwa sai a kira jaririn Ajuji, ko a kira jaririyar Ayashe. Wanda ya ɗauki kalmomin a kan fuskarsu zai ce an wulaƙanta yaron ne, tun da an ce a kai shi juji, ko a yasar da ita. Alhali kuwa babu ɗan da aka fi so kamarsa. Iyaye suna nuna halin ko-in-kula ne domin abin da yake ɗauke musu 'ya'ya ya ga kamar ba a damu da wannan ba, ya ƙyale shi. Ke nan bayan sunan ƙi ne, cikinsa kuwa tsananin so da fargaba. Wasu sunayen kuma roƙo ne a fili, kamar Abarshi da Barmani.

Maƙwabtanmu ma sun san wannan. Yarabawa suna da Malomo da Kosoko da Durojaiye domin yaran da suke kira abiku. Chinua Achebe kuma, a littafinsa Things Fall Apart na 1958, ya nuna yadda Ekwefi ta riƙa sa wa 'ya'yanta sunaye irin su Onwumbiko da Ozoemena, tana roƙon mutuwa ta sassauta mata. Saboda haka ɗalibin da yake koyon Hausa a Ibadan ko Legas ba baƙo ba ne ga wannan tunani, sai dai kalmomin ne suka bambanta.

Sunayen rana su ma suna da nasu harshen damon. Balarabe yana nufin mutumin ƙasar Larabawa, kuma yana nufin yaron da aka haifa ranar Laraba. Bature yana nufin mutumin Turai, kuma ana kiran wanda aka haifa ranar Talata da shi. Alhaji laƙabi ne na wanda ya sauke farali a Makka, amma ana kiran yaron da aka haifa a lokacin aikin Hajji da shi, ko da bai taɓa fita ƙauyensu ba. Shehu muƙami ne na babban malami, kuma laƙabi ne na duk mai suna Usman, saboda girmama Shehu Usmanu Ɗanfodiyo.

Akwai kuma wani lamari na harshe da ya kamata mu lura da shi. Sunaye da dama an samo su ne daga kalmomin yau da kullum, kamar Baƙo da Azumi da Kyauta. A bakin Bahaushe wasalin ƙarshe na kalmar baƙo dogo ne, amma idan ta zama sunan mutum sai wasalin ya gajarce. Kunne yana rarrabewa nan take. Rubutun boko kuwa ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, babban baƙi kawai yake sa wa sunan. Wannan ya sa a kan takarda suna da kalmar da ya fito daga gare ta sun fi kusa da juna fiye da yadda suke a baka. Marubuci mai basira yana iya cin ribar wannan kusanci.

3.0 Kyauta a Jiki Magayi

A ganinmu, babu sunan da ya kai na Kyauta dacewa a cikin littattafan farko. Jiki Magayi, wanda John Tafida da Rupert East suka rubuta, labari ne na Abubakar da Zainabu da suke son juna, sai attajiri Malam Shehu, wanda ya daɗe yana neman haihuwa, ya yi amfani da dukiyarsa ya aure ta. Suka haifi ɗa namiji, ana kiransa Kyauta. Abubakar ya sha alwashin ramuwa, ya shiga duniya neman asiri, ya dawo ya lalata yaron. Kyauta ya tashi ɓarawo, har ƙarshe ya zama sanadin mutuwar mahaifinsa.

Abu na farko da ya ba sunan ƙarfi shi ne babu wanda zai yi zargin komai da ya fara jin sa. Duk Bahaushe ya san cewa ɗan da aka samu bayan dogon jira Kyauta ake ce masa, wato kyautar Allah. Da a ce an tambayi tsofaffin gidan Malam Shehu, sunan da za su zaɓa ke nan. Sai labari ya yi nisa sa'an nan ma'ana ta biyu take buɗewa. Kyauta ita ce abin da aka ba mutum da daɗin rai, sata kuwa ita ce ɗaukar abin da ba a ba shi ba. Yaron da sunansa yake nufin bayarwa shi ne ya zama mai ɗauka. Bugu da ƙari, mai karatu zai tambayi kansa: shin wannan ɗa kyauta aka ba Malam Shehu? Ai uwarsa ma da ƙarfin dukiya aka raba ta da masoyinta. Abin da aka samu ta hanyar ƙwace, ko an kira shi kyauta, akwai bashi a kansa, kuma Malam Shehu da ransa ya biya. Har wa yau, idan mutum ya yi abin kirki mukan ce ya kyauta. A cikin manyan taurarin maza uku na wannan littafi da wuya a nuna wanda ya kyauta.

Marubutan ba su tsaya ko sau ɗaya sun yi wa mai karatu wannan bayani ba, kuma a nan gwanintar take. Wanda bai lura ba zai ji daɗin labarinsa, wanda ya lura kuma ya sami riba biyu.

Sunan Malam Shehu shi ma abin dubawa ne, musamman idan muka ajiye shi kusa da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a zamani ɗaya. Umar ya sami shaihuntakarsa ne bayan bauta da rabuwa da uwa da doguwar wahalar neman ilmi, don haka laƙabin ya zauna masa daram. Malam Shehu kuwa yana ɗauke da kalmomin malanta har biyu, amma da dukiya aka san shi. Kalma ɗaya ce, a littafi ɗaya ta zama shaida, a ɗayan ta zama tuhuma.

4.0 Alhaji Imam da Ganɗoki

Abubakar Imam ya bi wata hanyar daban a Ruwan Bagaja. Tauraronsa Alhaji Imam ne, wanda ya fita neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki domin ya wanke limamin da ya rene shi daga kunyar da aka ba shi a fada. Sunan ya haɗa kalmomi biyu masu nauyi a addini, amma mai sunan gwanin wayo ne da damfara, wanda yakan shiga rigar malanta ya ci abinci da ita. Abokin karawarsa ma Malam ne, wato Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Rabin dariyar da ke cikin littafin daga wannan tazara take fitowa, tsakanin girman laƙabi da ƙanƙantar aiki. Imam bai fito ya zagi malaman tsibbu ba, ya dai bar laƙabin ya yi ta tuntuɓe da halin masu shi.

Sa'an nan ga wani harshen: sunan tauraron shi ne sunan marubucin. Da yake Alhaji da bakinsa yake ba da labarin, mai karatu yakan ji kamar marubucin ne yake tsokanar kansa. Wannan ya rage wa sukar kaifi, domin wanda ya fara sa kansa a cikin abin dariya ba a cika jin haushinsa ba. A Magana Jari Ce kuma Imam ya ɗauki aku, tsuntsun da aka sani da maimaita maganar da bai fahimta ba, ya mai da shi wazirin sarki saboda iya magana, ya kuma kira ɗansa Fasih. Kalmar da ake yi wa mai haddar banza gori da ita ta koma sunan mai hikima.

Ganɗoki na Bello Kagara ya zo da wani darasi na daban. Sunan yana da dangantaka da ɗoki, wato zumuɗi da gaggawar aikata abu, kuma haka tauraron yake: jarumi mai cika baki wanda ba ya jiran a kira shi fagen fama, tun daga yaƙe-yaƙen Kwantagora har zuwa gamuwa da Turawa. Amma da yake na'urorin buga rubutu da yawa ba su da baƙaƙe masu ƙugiya, sai sunan ya yawaita a rubuce da d maras ƙugiya, har ɗalibai da dama suka ɗauka daga doki aka samo shi. Da yake mutumin mayaƙi ne, kuskuren ya yi kama da gaskiya. Wannan harshen damo ne wanda marubuci bai nufa ba, rashin kula da ƙa'idar rubutu ne ya haife shi. Tilas mai nazari ya rarrabe tsakanin irin wannan da wanda aka shirya da gangan.

5.0 Wasan Kwaikwayo

A fagen wasan kwaikwayo lokaci kaɗan ne, kuma 'yan kallo suna bukatar su gane kowa da wuri. Shi ya sa sunayen suka fi fitowa fili. Duk da haka akwai waɗanda suka wuce matsayin tambari kawai.

Ɗauki Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi. Sigar wane na wance siga ce ta kirari. Da ita ake kambama namiji, a jingina shi ga matarsa ko ƙanwarsa ko masoyiyarsa, kamar yadda masu kallon talabijin suka san Kasagi na Halima. Wanda ya ga sunan littafin zai ɗauka yabo ne. Amma harafin na shi ne kuma na mallaka, kamar a ce doki na wane. Da Malam Jatau ya auri Kyallu, mace mai zaman kanta, ta juya shi yadda take so har gidansa da dukiyarsa suka lalace, sai kirarin ya koma bayanin halin da yake ciki: ya zama kayan Kyallu. Duk jigon wasan yana cikin wannan ƙaramin harafi.

A Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, na 1979, mun haɗu da Alhaji Ruwan Ido, mai kuɗin da yake hure wa 'yan mata 'yan makaranta kunne. Ruwan ido shi ne kasa tsayawa a kan zaɓi ɗaya, kowace aka gani ana so. Wannan ma'ana a fili take, har ma ta yi yawa, domin tun kafin mutumin ya buɗe baki an riga an yanke masa hukunci, kuma babu uwar da za ta kira ɗanta haka. Abin da ya ceci sunan shi ne ma'anar kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Ruwan da yake fita daga ido hawaye ne, kuma shi ne abin da irin wannan mutum yake bar wa yarinya da iyayenta. Shi kansa sunan wasan daga karin magana aka yanko shi, wadda take cewa kulɓa na ɓarna ana cewa jaba ce. Wato dai magana ce a kan laifin da aka rataya wa sunan da ba shi ne ya aikata ba.

Wasan kwaikwayo yana da wani hatsari kuma, wato suna ya haɗiye mai shi. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, mutane ƙalilan ne suka san shi da wannan suna, kowa Samanja yake cewa, kalmar da ita kanta muƙamin soja ce da Hausa ta ara daga Ingilishi. Haka marigayi Rabilu Musa, wanda ya rasu a 2014, ya zama Ibro har ƙarshen rayuwarsa. A nan suna ɗaya yana nuni ga mutum biyu, na cikin wasa da na gida.

6.0 Jan Kunne ga Masu Nazari

Da zarar ɗalibi ya gano wannan dabara, sai ya fara ganin ta ko'ina, har inda babu ita. Bari mu gwada da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, inda Alhaji Abdu ya kori matarsa Rabi da 'ya'yanta saboda amaryarsa Delu. Ana iya cewa Abdu yana nufin bawa, an yanke sunan Allah daga Abdullahi, don haka mutumin ya zama bawan son zuciyarsa. Wannan fassara tana da madogara, domin halinsa a cikin labarin ya goyi bayanta daga farko har ƙarshe. Amma idan wani ya ce an kira amaryar Delu ne domin sunan yana ɗauke da wani aibi, to, ya yi wa dubban mata ƙazafi. Delu, kamar Kande, suna ne na 'yar da aka haifa bayan maza, ba shi da wata alaƙa da halin banza.

Ma'aunin da muke ba da shawara a riƙe shi ne tambayoyi uku. Shin ma'ana ta biyu sananniya ce ga masu harshen, ko kuwa mai nazari ne ya tono ta daga ƙamus? Shin abubuwan da suka faru a labarin sun taɓa wannan ma'ana? Shin idan aka canza sunan, labarin zai yi asarar wani abu? Kyauta ya tsallake duka ukun. Idan aka mai da shi Sani ko Garba, labarin yana nan, amma ɗacinsa ya ragu. Delu kuwa ana iya mai da ita Ladi ba tare da an rasa komai ba.

Tambaya ta uku ita take nuna wahalar fassara. An fassara littafin Balaraba zuwa Ingilishi a 2012, Aliyu Kamal ne ya yi aikin, aka buga a Indiya. Irin wannan aiki yana iya ɗaukar karin maganar da ke kan bango ya kai ta wani harshe, amma sunayen mutane dole a bar su yadda suke. Mai karatun da ba ya jin Hausa zai ga Kyauta ko Abdu a matsayin sauti kawai. Haka abin yake ga mu da muke karanta Fagunwa a fassarar Wole Soyinka ta 1968: Akara-ogun da Imodoye suna faɗa wa Bayarabe abin da ba su faɗa mana. Don haka malamin da yake koyar da adabin Hausa ga waɗanda ba da ita suka tashi ba, wajibi ne ya ware lokaci domin sunaye, kamar yadda yake warewa domin karin magana.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa suna mai harshen damo ya samo asali daga raɗin suna na gargajiya, kuma marubutan farko sun ɗauko shi sun yi aiki da shi ta hanyoyi daban-daban: Tafida da East ta hanyar juya ma'ana, Imam ta hanyar barkwanci, Maƙarfi ta hanyar nahawu. Mun kuma ga cewa sunan yakan fi ƙarfi idan ya yi kama da wanda za a iya ji a kowane zaure ranar suna.

Abin da yake damun mu shi ne yawancin labaran da matasa suke rubutawa sun kasu gida biyu. Wasu suna zaɓen suna ne don daɗinsa a kunne kawai, sai a tarar da 'yar manomi a ƙauye da sunan da ko a birni baƙo ne, ba a san ranar da aka haife ta ba, ba a san ko ta bi maza ko ta bi tagwaye ba. Wasu kuma suna liƙa wa tauraro tambari irin su Alhaji Mugu ko Hajiya Masifa, su hana mai karatu yin nasa hukuncin. Duka biyun asara ce, domin Hausa tana da rumbu cike da sunaye irin su Talle da Audi da Gambo da Shekarau da Tanko da Auta, kowanne da tarihin haihuwa a cikinsa. Yaron da ake kira Audi ya riga ya gaya mana cewa bai tarar da mahaifinsa a duniya ba, tun marubuci bai ɓata shafi guda yana bayani ba. Muna fata masu aiko da labarai za su riƙa tsayawa a kan sunan kowane tauraro, su tambayi kansu wa ya raɗa masa shi, kuma don me.